Sujadar Kiristoci a Makonnin Jiran Haihuwar Almasihu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da majami'a a garuruwa irin su Wusasa ko Kafanchan ko Numan ya san cewa da zarar hunturu ya kunno kai, a ƙarshen watan Nuwamba, harkokin majami'ar sukan sauya. Mawaƙa sukan yawaita taruwa da yamma domin gwajin waƙa, a wasu majami'un kuma akan canza launin ƙyallen da ke shimfiɗe a kan bagade. Mai kallo daga waje yakan ɗauka cewa bikin Kirsimeti ne aka fara tun da wuri. Ba haka abin yake ba. A tsarin manyan ɗarikun Kirista, waɗannan makonni lokaci ne mai zaman kansa, mai karatunsa da waƙoƙinsa da ladubbansa, kuma sunansa Adbent.

A wannan babi za a yi bayanin wannan lokaci da yadda jama'a ke gudanar da ibadarsu a cikinsa. Dalilin kawo shi a darasin Hausa a fili yake. Ɗimbin jama'a a Arewacin Nijeriya da Hausa suke addu'a da waƙa da sauraron wa'azi, kuma da yawansu ba Hausa ce harshensu na farko ba. Daga wannan ne aka sami wani nau'i na Hausar rukuni, wato Hausar majami'a, wadda malamin da aka tura koyarwa Kudancin Kaduna ko Filato ko Adamawa zai riƙa ji a bakin ɗalibansa kullum. Idan bai san ta ba, zai iya jan layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar da ɗalibi ya yi amfani da ita daidai.

2.0 Ma'anar Adbent da Lissafinsa

Asalin kalmar daga Latinanci take, wato "adventus", ma'anarta zuwa ko isowa. A daular Rumawa da ita ake kiran shigowar sarki wani birni a hukumance, inda ake gyara hanya, mutanen gari su fita bayan ganuwa su tarye shi. Bahaushen da ya san rangadin sarki ba ya buƙatar dogon bayani a nan: kafin sarki ya iso, sai an share hanya, an gyara masauki, an tanadi abin tarya. Kiristocin farko sun ari kalmar suka ɗora ta a kan zuwan Almasihu, kuma zuwa biyu suke nufi. Na farko shi ne haihuwarsa a Baitalami, wanda ya riga ya auku. Na biyu shi ne komowarsa a ƙarshen zamani domin shari'a, wanda suke jira har yanzu. Wannan tagwaicin ma'ana shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ake yi a waɗannan makonni, domin rabin ibadar tunawa ce, rabi kuma gargaɗi.

Adbent yana farawa ne a ranar Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, saboda haka farkonsa yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Yawan Lahadin ba ya canzawa, amma yawan kwanakin yana canzawa, daga 22 zuwa 28. Alal misali, a shekarar 2022 an fara shi ranar 27 ga Nuwamba, ya cika kwana 28. A shekarar 2023 kuwa sai ranar 3 ga Disamba aka fara, Lahadi ta huɗu ta faɗo a jajibirin Kirsimeti, wato da safe ana jira, da dare an shiga biki. Har ila yau, Lahadin farko ta Adbent ita ce farkon shekara a kalandar ibada ta Katolika da Angalika da Lutaran da Metodis, ba 1 ga Janairu ba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Shiri ba ya rigan abin da ake shirya wa. Shaida mafi daɗewa da ke nuna ana bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Roma, tana kuma komawa ga shekarar 336. Bayan bikin ya kafu ne aka fara tunanin yi masa share fage. A shekarar 380 wani taron shugabannin coci a Saragosa ta ƙasar Sifen ya umarci masu bi da kada su yi fashin zuwa majami'a daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu. A ƙarshen ƙarni na 5, Bishop Perpetuus na birnin Tours a Faransa ya tsara azumin kwana 3 a kowane mako, daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. A Roma an fara da Lahadi 5 ko 6, daga baya tsarin Lahadi 4 ya zauna, ana kuma danganta wannan da zamanin Fafaroma Gregori na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Birnin Milan dai ya riƙe nasa tsarin na mako 6.

Kiristocin Gabas ba su bi wannan hanya ba. A wurinsu azumi ne ginshiƙin shirin: Otodoks na Girka suna ƙaurace wa nama na kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuma suna azumin da ya zarce kwana 40 kafin bikinsu na 7 ga Janairu. Habashawa suna kiran nasu azumin annabawa. A Yamma kuwa azumin ya yi ta sassautawa har ya daina zama wajibi, sai dai ruhin tuba da kamun kai ya rage a cikin launi da karatu.

4.0 Yadda Sujadar ke Gudana

Ƙashin bayan sujadar Lahadi ba ya canzawa saboda Adbent. Masu hidima sukan shigo a jere ana waƙa, a yi furcin zunubi da neman gafara, a yi karatu daga Tsohon Alkawari da Zabura da Wasiƙu da Bishara, a yi wa'azi, a furta shaidar bangaskiya, a yi addu'o'i domin ƙasa da marasa lafiya, a karɓi baiko, sannan a ci Jibin Ubangiji a inda aka tsara yin haka. Abin da ke canzawa shi ne abin da aka zuba a cikin wannan mazubi.

4.1 Abin da Ido ke Gani

Launin lokacin shi ne shunayya, launin tuba da kuma sarauta, shi ne a jikin rigar limami da ƙyallen bagade. Wasu majami'un Lutaran da Angalika sun fi son shuɗi, domin su bambanta Adbent da azumin da ke gabanin Ista. A Lahadi ta uku an yarda a sa ruwan hoda, alamar cewa an ci rabin tafiya, ana iya ɗan sakin fuska. Furanni ma akan rage su, don kada a cinye kwalliyar biki tun kafin ranarsa.

Sai kuma zoben ganye mai kyandirori, wanda siffarsa ta yi kama da babban gammo. Kyandir huɗu ne a kewaye, akan kunna ɗaya a Lahadin farko, biyu a ta biyu, haka har a cika, wasu kuma sukan ƙara fari a tsakiya wanda ba a kunna shi sai ranar Kirsimeti. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan al'ada a matsayin daɗaɗɗiya, alhali kuwa ba ta kai shekara 200 ba. Wani malamin Lutaran, Johann Hinrich Wichern, shi ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1839 a gidan renon yara marasa galihu da ya kafa a Hambag ta ƙasar Jamus. An ce yaran ne suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo, sai ya ɗauki ƙafar amalanke ya jera mata kyandirori, ƙanana jajaye domin ranakun mako, manya farare domin Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Ashe dai kayan koyarwa ne tun asali, irin wanda malami ke ƙagowa daga abin da ke kusa da shi domin ya mayar da ƙidayar kwanaki abin gani da ido. Sunayen da ake ba kyandirorin a yau, wato bege da salama da farin ciki da ƙauna, daga baya suka zo, kuma jerinsu yakan bambanta daga majami'a zuwa majami'a.

4.2 Karatu da Wa'azi

A nan ne nauyin lokacin yake. Tun shekarar 1969 cocin Katolika ke bin jadawalin karatu mai zagayen shekara 3, inda Bisharar Matiyu da ta Markus da ta Luka ke karɓa-karɓa, kuma a 1992 wasu ɗarikun Furotesta suka fitar da nasu jadawalin a kan wannan tsari. Kowace shekara aka ɗauka, jigon Lahadin huɗu iri ɗaya ne.

Baƙon da ya shiga majami'a a Lahadin farko yana sa ran jin labarin jariri da makiyaya zai sha mamaki, domin ba za a ambace su ba. Karatun ranar a kan ƙarshen duniya yake: zamanin Nuhu da yadda ruwa ya ci mutane suna cikin harkokinsu, maigidan da ya yi tafiya ya bar bayinsa ba su san ranar komowarsa ba, da kiran a zauna a faɗake. Wato shekarar ibada daga ƙarshen labari take farawa, sannan ta komo farkonsa.

Lahadi ta biyu da ta uku na Yahaya Mai Baftisma ne, wanda wasu fassarorin Hausa ke kira Yohanna. Shi ne mai shelar da ke gaba da sarki, mazaunin jeji, mai kaushin harshe, wanda ke kiran mutane su tuba. A Bisharar Luka, da jama'a suka tambaye shi abin da za su yi, amsar da ya ba su ta zaman duniya ce tsantsa: mai riga biyu ya ba marar riga, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka yanka, soja kada ya yi ƙwace. Masu wa'azi a Nijeriya ba sa shan wahalar nemo misalin da zai dace da wannan nassi. Sai a Lahadi ta huɗu ne ake waiwayar Maryamu da Yusufu, da saƙon da Mala'ika Jibra'ilu ya kawo, da ziyarar da Maryamu ta kai wa Alisabatu. A tsawon makonnin nan littafin Annabi Ishaya ne ya fi kowane yawan fitowa daga Tsohon Alkawari, da siffofinsa na zamanin da za a mayar da takubba kayan noma, kyarkeci ya zauna lafiya da ɗan rago, hamada ta yi fure.

Akwai wani abin lura game da waɗannan nassoshi. A Turai, Adbent yana faɗowa ne a lokacin da dare ya fi tsawo, shi ya sa haske da duhu suka mamaye wa'azinsu da al'adunsu. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta bambancin tsawon dare da rana bai taka kara ya karya ba, amma lokacin ya dace da ƙarshen kaka. Saboda haka idan aka karanta inda Yahaya ke siffanta mai zuwa da manomin da zai share masussukarsa, ya zuba tsaba a rumbu, ya ƙone ƙaiƙayi, to ana karanta shi ne ga mutanen da wataƙila jiya suka baro masussuka. Haka kuma Wasiƙar Yakubu, wadda ake karantawa a Lahadi ta uku a ɗaya daga shekarun nan 3, tana kwatanta mai jiran Ubangiji da manomin da ke haƙurin jiran ruwan fari da na ƙarshe. Abin da malamin majami'a a Landan zai tsaya yana fassara wa jama'arsa, a Zonkwa ko Garkida kowa ya riga shi sani.

4.3 Waƙa

Abin da ba a rerawa a Adbent yana da muhimmanci kamar abin da ake rerawa. A tsarin Katolika akan ajiye waƙar ɗaukaka, wadda aka gina a kan yabon da mala'iku suka yi a daren haihuwa, ba a sake jin ta a Lahadi sai Kirsimeti ya zo. Hikimar ita ce kunne ya yi kewarta.

Daga 17 ga Disamba hankali yakan koma kacokan kan haihuwar. A kwanaki 7 da suka fara daga ranar, akwai wasu gajerun baitocin Latinanci na addu'ar yamma, waɗanda aka san su tun wajen ƙarni na 8, kowanne yana kiran Almasihu da laƙabi guda: Hikima, Ubangiji, Saiwar Yesse, Mabuɗin Dawuda, Ketowar Alfijir, Sarkin Al'ummai, da Immanuwel. Idan aka ɗauki harafin farko na kowane laƙabi a Latinanci, aka karanta daga na ƙarshe zuwa na farko, sai a sami kalmomi biyu masu ma'anar "gobe zan kasance". Ɗalibin rubutacciyar waƙar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin marubuta waƙoƙin ƙasar Hausa ma sun san dabarar gina baitoci a kan jerin haruffa. Waɗannan baitoci ne aka mayar waƙa guda, wadda John Mason Neale ya fassara zuwa Ingilishi a 1851, ta zama fitacciyar waƙar Adbent a duniya.

Akwai kuma sujadar karatu 9 da waƙoƙi, wadda Bishop Edward Benson ya fara a Truro ta Ingila a 1880, Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918, gidan rediyon BBC kuma ya fara watsa ta a 1928. Asalinta ta jajibirin Kirsimeti ce. A Nijeriya kuwa galibi a tsakiyar Disamba ake yin ta, kafin makarantu su tashi, ma'aikata su kama hanyar garuruwansu. Wannan ya sa waƙoƙin murnar haihuwa suke shigowa tun ana cikin makonnin jira, abin da masu tsananta bin tsari ba sa jin daɗinsa, ko da yake ba su da yadda za su yi da jadawalin hutu.

5.0 Bambancin Ɗariku a Arewacin Nijeriya

Kuskure ne a ɗauka cewa duk Kirista yana kiyaye Adbent. Abin ya danganta da mishan ɗin da ya kafa majami'ar. Angalika, waɗanda Dokta Walter Miller ya kafa musu tushe a Zariya daga 1905 kafin su koma Wusasa, sun zo da littafin addu'a mai kalanda. Haka Katolika, waɗanda suka sauka Shendam a 1907, da Lutaran, waɗanda mishan daga Denmak ya kafa a Numan a 1913. Majami'un da suka fito daga mishan na SIM, wato ECWA, da Baftis da sababbin majami'un Fentikos, ba su cika bin wannan kalanda ba. A wurinsu watan Disamba na godiyar kaka ne da taron farkawa da gwajin waƙoƙi da wasan kwaikwayon haihuwa, ba lallai a ji kalmar Adbent ko a ga shunayya ba.

Inda duka suka haɗu shi ne bakin mawaƙa. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na matasa sukan tsara waƙoƙinsu da Hausa, a kan salon bayarwa da amshi, da kiɗan tulu da ganga da kacau-kacau. Ta wannan hanya labarin Zakariya da Alisabatu da Maryamu yake isa ga tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafi ba. Waƙoƙin nan adabin baka ne na Hausa cikakke, kuma sun cancanci nazari fiye da yadda sassan Hausa suka ba su.

Ɗalibi Musulmi zai tarar da sunaye da yawa da ya sani a wannan labari, domin Suratu Maryam da Suratu Ali Imrana sun kawo haihuwar Yahaya da ta Isa, kuma Musulmi ma sun yi imani da komowar Annabi Isa. Sai dai addinan biyu sun rabu a kan matsayinsa: Musulmi suna riƙe da shi Annabi ne kuma Manzo, Kiristoci kuwa suna riƙe da shi Ɗan Allah ne kuma Mai Ceto. Aikin malami a aji shi ne ya faɗi abin da kowane ɓangare ya riƙa daidai yadda masu shi za su yarda an faɗa.

6.0 Kalmomin Wannan Lokaci

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausar majami'a take tara kalmominta, kuma mafi yawansu tsofaffin kalmomi ne da aka sauya wa ma'ana.

Kalmar sujada ita ce misali na farko. A gama-garin Hausa tana nufin sa goshi a ƙasa a cikin salla. A majami'a kuwa ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗe dukkan taron ibada, shi ya sa ɗalibi zai rubuta cewa an fara sujada da ƙarfe 9 an tashi da ƙarfe 12, kuma bai yi kuskure ba. Baiko, wanda aka sani a sha'anin aure, a nan kyautar da ake bayarwa a lokacin ibada yake nufi. Jibi tsohuwar kalma ce ta abinci wadda ta ja baya a maganar yau da kullum, amma ta sami mafaka a Jibin Ubangiji. Majami'a tushenta ɗaya da jama'a da Juma'a da jami'a, ita ce ginin, ikilisiya kuma, wadda ta fito daga Girkanci, ita ce mutanen.

Almasihu daga Larabci take, tana kuma da 'yar'uwa a Ibrananci mai ma'anar wanda aka shafa wa mai, kamar yadda ake naɗa sarakunan Isra'ila. Da aka fassara wannan ma'ana zuwa Girkanci sai aka sami "Christos", wadda ta haifi Kirista da Kirsimeti. Ke nan kalmomin uku ma'ana ɗaya suke komawa, ta hanyoyi daban-daban suka iso Hausa. Kirsimeti ta riga ta zama 'yar gida, domin an raba cunkoson baƙaƙen farkonta, an kuma ƙara mata wasali a ƙarshe. Adbent kuwa har yanzu baƙuwa ce: an mayar da "v" zuwa "b" kamar yadda aka yi a direba da talabijin, amma baƙaƙe biyun da ke ƙarshenta sun saɓa wa tsarin gaɓar Hausa.

Kalmar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce bege. A Hausar majami'a tana nufin sa rai tabbatacce ga abin da aka yi alkawari, wasu fassarorin ma "sa zuciya" suka zaɓa a madadinta. Amma a gama-garin Hausa bege shi ne ɗokin wanda ake ƙauna ba ya nan, kamar yadda ake cewa begen gida ko begen masoyi, da kuma waƙoƙin begen Annabi a wurin Musulmi. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kowace da inda ta dosa. Jira na kowa ne. Dako yana ɗauke da gajiya, kamar na mai zaman tasha. Tsammani yana iya tabbata, yana iya zama na warabbuka. Sauraro jira ne da kunne a buɗe, zuba ido kuma na wanda ba shi da abin yi ne sai kallon hanya. Bege ne kaɗai ya haɗa jira da ƙauna wuri guda. Saboda haka idan aka kunna kyandir na farko aka kira shi na bege, mai jin Hausa yana jin ma'anoni biyu a lokaci ɗaya, wato sa rai da kuma kewa, alhali kalmar Ingilishi da aka fassara ta farkon kawai take ɗauke da ita.